Rabin Digiri Ba Abin Rainawa Ba Ne: Bahon Zafi da Mutuncin Ɗakin Gwaje-gwaje

Idan aka zo bikin buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje a jami'a ko a asibitin koyarwa, an san na'urorin da manyan baƙi ke tsayawa a gabansu don ɗaukar hoto: injin PCR, injin ƙirga ƙwayoyin jini, madubin ƙara girman abu mai haɗe da kwamfuta. A can lungu kuwa, kusa da wurin wanke kwalabe, akan sami wani akwatin ƙarfe cike da ruwa, da ɗan famfo yana gurnani a kansa. Ba a ambatonsa a jawabi, ba a cika tunawa da shi a kasafin kuɗin gyara ba, kuma da wuya a sami wanda zai iya faɗin ranar da aka tantance ma'auninsa ta ƙarshe. Wannan akwati shi ne bahon zafi mai zagaya ruwa, kuma sakamakon gwaje-gwaje da dama da rayuka suka rataya a kansu a hannunsa yake. Cibiyar da ta kashe miliyoyi wajen sayen manyan injuna ta bar bahonta da ma'aunin zafinta babu kulawa, ta gina bene ne a kan rairayi. Laifin kuma ya fi komawa kan masu tsara kasafi da masu rubuta takardun kwangila fiye da ma'aikacin da ke zaune a gaban teburin gwaji.

Abin da bahon yake

Dabarar ɗumama abu ta hanyar tsoma shi cikin ruwan zafi tsohuwa ce. Ana danganta ta ga wata masaniyar haɗa sinadarai mai suna Mariya, wadda ta rayu a Iskandariya ta Masar a ƙarnonin farko na miladiyya, kuma har yau Faransawa da sunanta suke kiran wannan dabara a ɗakin girki. An zaɓi ruwa ne saboda yawan zafin da yake iya riƙewa. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin kilojul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma idan aka kwatanta lita da lita, ruwa ya ninka iska fiye da sau 3,000 wajen riƙe zafi. Shi ya sa buɗe ƙofar akwatin ɗumi mai aiki da iska kan zubar da zafinsa nan take, alhali baho ba ya ko gezau don an tsoma masa kwalba mai sanyi.

Sai dai ruwan da ke tsaye yana da nasa aibi. Mai zafi yakan taso sama, mai sanyi ya kwanta ƙasa, wanda ke kusa da hita ya fi na kusurwa ɗumi. Aikin famfo shi ne ya hana wannan rarrabuwa: ya dinga juya ruwan ba tsayawa har kowane lungu na bahon ya zama daidai da ɗan'uwansa. Famfon kuma yana iya tura ruwan ta tiyo zuwa wata na'ura a waje, kamar ma'aunin kaurin mai ko tukunyar haɗa sinadarai mai bango biyu, ya dawo da shi.

Sassa biyu ne suka rage. Na farko shi ne majiyin zafi, wanda galibi ɗan zaren ƙarfen filatinom ne da ake kira Pt100. Turjiyarsa ga wutar lantarki om 100 ce a digiri 0, ta kai kimanin om 138.5 a digiri 100, kuma daga wannan canji ake lissafa zafin. Hugh Callendar ne ya kafa wannan hanya a kan ƙwaƙƙwaran ma'auni a Kambirij wajen 1887. Na biyu shi ne kwakwalwar da ke sarrafa hita. Tsohuwar hanya ita ce a kunna idan ya huce, a kashe idan ya yi zafi, abin da ke sa zafin ya dinga lilo sama da ƙasa. Bahon zamani yana bin tsarin da ake kira PID, wanda injiniya Nicolas Minorsky ya bayyana lissafinsa a 1922 bayan ya lura da yadda ƙwararren matuƙin jirgin ruwa ke riƙe akala. Matuƙin yana duba nisan da ya kauce daga hanya, da tsawon lokacin da ya ɗauka a kauce, da saurin da yake ƙara kaucewa, sannan ya murɗa gwargwadon haka. Da wannan tsari baho mai kyau ke iya riƙe zafi ba tare da ya motsa fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri ba.

Abin da digiri ɗaya ke iya yi

Masu ganin wannan tsanani a matsayin iyayin masana sai su duba wurare huɗu.

Na farko, gwajin jini. Tun zamanin van 't Hoff da Arrhenius, a ƙarshen ƙarni na 19, aka san cewa saurin haɗuwar sinadarai da yawa yakan kusan ninka kansa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Ma'anar haka ita ce digiri ɗaya kan kawo canjin kusan kashi 7 cikin ɗari, digiri biyu kuma kusan kashi 15. Gwajin lafiyar hanta, irin su ALT da AST, saurin aikin enzayim yake aunawa. A da, wasu ƙasashe a digiri 25 suke aunawa, wasu a 30, wasu a 37, sakamakon wannan asibiti ba ya karantuwa a wancan, har sai da ƙungiyar masana sinadaran asibiti ta duniya ta tsayar da hanyoyinta na asali a kan digiri 37. Gwajin daskarewar jini, wanda likita ke dogara da shi wajen ƙayyade maganin tsinka jini, shi ma a 37 ake yinsa. Idan bahon da ke ɗumama kwalaben yana kan 35 alhali allonsa na nuna 37, lambar da za ta isa hannun likita ƙarya ce mai ɗauke da hatimin hukuma.

Na biyu, ruwan sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, ko 'yan'uwanta masu jure zafi, a cikin mililita 100 na ruwan sha. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin gano su shi ne a reni samfurin na sa'o'i 24 a digiri 44.5, kuma kaucewar da aka yarda da ita 0.2 ce kawai, sama ko ƙasa. Zafin ne kansa matacin: a wannan mataki bakteriyar da ta fito daga hanjin mutum ko dabba tana tsirowa, galibin 'yan'uwanta na ƙasa da tsirrai kuwa ba sa iyawa. Idan bahon ya yi ƙasa, waɗanda bai kamata su tsiro ba za su tsiro, a rufe rijiyar da ba ta da laifi. Idan ya yi sama, waɗanda ake nema za su kasa tsirowa, a rubuta wa gurɓataccen ruwa takardar tsarki. A yankin da kwalara ke dawowa kusan kowace damina, kuma miliyoyin mutane ke sha daga rijiyar burtsatse da ruwan leda, kuskure na biyu makabarta yake kaiwa.

Na uku, magani. Kafin a yarda cewa ƙwaya za ta yi aiki, akan jefa ta cikin ruwan gwaji, sau da yawa mililita 900, a auna yawan sinadarin da ta saki cikin ƙayyadadden lokaci. Kundayen ƙa'idojin magunguna sun tsayar da zafin wannan ruwa a digiri 37, da rangwamen rabin digiri kacal. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Yaƙi da jabun magani yana bukatar kame da kotu, amma hujjar da za a kai gaban alƙali daga irin wannan baho take fitowa. Bahon da ya zarce zafi zai iya tsallakar da ƙwayar da ba ta narkewa yadda ya kamata a cikin majiyyaci.

Na huɗu, man inji. Kaurin ruwa ma kansa yana raguwa da fiye da kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri idan ana kusa da digiri 20, na mai kuwa ya fi haka saurin canjawa. Shi ya sa ƙa'idar ASTM D445, wadda ake auna kaurin man dizal da baƙin mai da ita a digiri 40 da 100, ta ce bahon kada ya kauce fiye da 0.02. Lambobin da direba ke karantawa a jikin galan ɗin baƙin mai daga irin wannan awo suka samo asali.

Lambar allo ba shaida ba ce

Babban ruɗin da ya kama masu sayo kayan aiki shi ne ɗaukar yawan lambobin da ke kan allo a matsayin inganci. Baho zai iya nuna 37.00 da jajayen lambobi masu ɗaukar ido alhali ruwan cikinsa yana 36.2. Akwai abubuwa huɗu daban-daban da ake cakuɗawa. Ɗaya shi ne ƙanƙantar abin da allon ke iya nunawa. Na biyu shi ne tsayuwa: ko zafin yana zama wuri ɗaya a tsawon sa'o'i. Na uku shi ne daidaito tsakanin sassan bahon. Na huɗu, wanda shi ne uwa uba, gaskiyar ma'aunin: ko 37 ɗin da yake faɗa ita ce 37 ɗin da duniya ta sani. Kamfani zai iya sayar da ukun farko a cikin kwali. Na huɗun sai an dinga sabunta shi, domin majiyin zafi da kayan lantarkin da ke karanta shi suna gocewa a hankali da tsufa, da bugu, da hawa da saukar wuta.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan magana. Mudu zai iya zama sabo fil, mai sheƙi, kuma kullum ya ba da awo iri ɗaya, amma idan an bubbuge gindinsa, kowane awo tauyayye ne. Abin da ke ba mudu daraja shi ne an gwada shi da wanda jama'a suka yarda da shi. Haka zafi yake. Akwai ma'aunin duniya da ya fara aiki a 1990, wanda aka kafa a kan matakan da halitta ba ta canja su: matakin da ƙanƙara da ruwa da tururi ke zama tare a digiri 0.01, da narkewar ƙarfen galiyom a 29.7646, da sauransu. Cibiyoyin awo na ƙasashe suna saita ma'aunansu da waɗannan matakai, ɗakunan tantancewa su saita nasu da na ƙasa, sannan ma'aunin da ke teburin asibiti ya karɓa daga gare su. Sarƙa ce, kuma kowane zobe yana da takardar shaida mai kwanan wata. A Najeriya Hukumar SON tana da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, NiNAS tana ba ɗakunan gwaji shaidar cancanta, majalisar MLSCN kuma tana sa ido kan na asibitoci. Ƙa'idojin ISO 17025 da ISO 15189 duk sun wajabta wannan sarƙa. Tsari dai akwai shi a rubuce. Abin da ke ɓacewa shi ne layin kasafin da zai biya kuɗin tantancewa a shekara ta biyu da ta uku da ta goma, bayan an watse daga bikin buɗewa.

Baho da aka ƙera don ɗakin digiri 20

Manyan masu ƙera waɗannan na'urori, irin su Lauda da Julabo da Huber a Jamus, da Grant a Ingila, da PolyScience a Amurka, galibi suna bayyana ƙwazon kayansu ne bisa ɗaki mai zafin kusan digiri 20. Bahon da ke da hita kaɗai ba ya iya sanyaya komai. Yana saukowa ne ta hanyar zubar da zafi cikin iskar ɗakin, famfonsa ma yana ƙara wa ruwan ɗan ɗumi, don haka mafi ƙarancin matakin da zai iya riƙewa yakan ɗara zafin ɗakin da wasu digirori. A Munik wannan ba matsala ba ce. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska zai iya kai 36 ko 38 da tsakar rana. A irin wannan ɗaki, baho mai hita kaɗai ba shi da yadda zai riƙe 37. Hitar za ta mutu, ruwan ya ci gaba da hawa, ma'aikaci yana kallo. Wanda ya rubuta takardar kwangila ya ce a kawo baho kawai, bai ce mai haɗe da injin sanyi ba, ya sayo kayan da aka yi don wata ƙasa. Farashinsa ya fi sauƙi a takarda, amma araha ba ta ado.

Wuta ita ce matsala ta biyu. Ɗaga lita 10 na ruwa daga digiri 25 zuwa 56, matakin da ake ɗumama ruwan jini na minti 30 kafin wasu gwaje-gwaje, yana cin kimanin kilojul 1,300, wato wajen minti 11 ga hita mai kilowat 2. Riƙe zafin bayan an kai shi kuwa ɗan abu kaɗan yake ci, musamman idan akwai murfi. Wannan yana nufin batir da inbata masu matsakaicin ƙarfi sun isa su tsallakar da gwajin sa'o'i 24 daga ɗaukewar wuta zuwa tayar da janareta. Idan babu su, wuta ta tafi da ƙarfe 2 na dare ta dawo da asuba, da safe allon zai nuna 44.5 kamar ba abin da ya faru, kuma za a rubuta sakamako. Bahon da ba ya ajiye tarihin zafinsa shaida ne da ke barci a lokacin da aka yi aika-aikar.

Ruwan da ake zubawa shi ne na uku. Ruwan burtsatse mai yawan gishirin ƙasa yana barin ɓawon farin dutse a jikin hita da majiyin zafi, ya rage musu kaifi. Ruwan da ya kwana makonni a digiri 37 kuwa gona ce ga bakteriya irin su Pseudomonas, dalilin da ya sa ake sa jakar daskararren ruwan jini cikin wata leda kafin a narkar da ita a baho don ƙarin jini. Ko tudu ma yana da tasiri: a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, kuma ko a bakin teku ba a aikin digiri 100 da ruwa, sai da man silikon da bahon da aka ƙera don ɗaukar mai.

Hujjojin masu rainawa

Akwai masu cewa zamanin baho ya wuce, manyan injunan asibiti suna da nasu ɗumi a ciki, ƙananan kwalabe kuma ana ɗumama su a busasshen tubalin ƙarfe. Akwai gaskiya a nan. A farkon PCR, a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikata a Kalifoniya da hannu suke ɗaukar kwalabe daga wannan baho zuwa wancan, zagaye bayan zagaye, kafin injin da ke sauya zafi da kansa ya hutar da su. Amma tambayar da ke biye ita ce: da me ake tabbatar da cewa tubalin ƙarfen da injin suna faɗin gaskiya? Da ma'aunin zafi ne, ma'aunin kuma a cikin baho mai juya ruwa ake tantance shi, gefe da gefe da ma'aunin da ya fi shi daraja. Bahon ya bar wasu ayyukan yau da kullum ya koma kujerar alƙali.

Akwai masu cewa kuɗi ba su isa ba. Wannan hujja za ta karɓu da a ce cibiyoyin ba sa sayen komai. Farashin baho mai kyau, da ma'aunin zafi mai takardar shaida, da tantancewar shekara-shekara, ɗan ƙaramin kaso ne na farashin injin da ake ɗaukar hoto da shi. Abin da ya bambanta su shi ne injin yana da kintinkirin yankawa, tantancewa kuwa rasit ne kawai da ba ya fitowa a jarida. Zaɓi ne aka yi, kuma zaɓin ya nuna abin da ake daraja.

Akwai kuma masu cewa aiki yana tafiya haka nan, ba wanda ya kawo ƙara. Ai kuskuren zafi ba ya ihu. Injin da ya lalace yakan tsaya, kowa ya gani. Bahon da ya goce yakan ci gaba da ba da lambobi masu kama da gaskiya shekara da shekaru. Majiyyacin da aka ba magani fiye da kima, da ɗalibin digirin digirgir da wani ɗakin gwaji a ƙetare ya kasa maimaita sakamakonsa, da unguwar da aka ce ruwanta lafiya lau, babu ɗayansu da zai san cewa matsalarsa daga wani akwati a lungu ta taso. Abin kunya ma shi ne masu girki sun riga wasu cibiyoyin ilimi gane wannan. Tun da Georges Pralus ya fara dafa abinci cikin leda a ruwa mai ƙayyadadden zafi a gidan abincin Troisgros na Faransa a 1974, manyan kuku suka rungumi dabarar, daga baya suka ɗauko famfon ɗumama ruwa daga ɗakin gwaji suka kai kicin, domin sun ga digiri ɗaya yana canja yanayin ƙwai da nama.

Abin da ya kamata a wajabta

Gyaran ba ya bukatar taron ƙasa. Takardar kwangila ta faɗi matakan zafin da za a yi aiki da su, da mafi tsananin zafin ɗakin da za a ajiye bahon, da tsayuwa da daidaiton da ake bukata, ta kuma nemi injin sanyi a duk inda matakin aiki ya kusanci zafin ɗaki. Kowane baho ya zo da murfi, da makashin da ke yanke wuta idan ruwa ya ƙafe ko zafi ya zarce, da ma'aunin zafi na daban mai takardar shaida wanda ba ya dogara da allon bahon. A rubuta abin da wannan ma'auni ya nuna a littafi kowace safiya da yamma, gwaji mai kwana kuma a haɗa shi da na'urar ajiye tarihin zafi. Tsakanin tantancewa da tantancewa akwai gwajin da kusan kyauta ne: niƙaƙƙiyar ƙanƙarar tataccen ruwa da ɗan ruwa a cikin fulas tana ba da digiri 0 sahihi, kuma ma'aunin da ya kasa nuna sifili a ciki ya tona asirin kansa. A dinga canja ruwan bahon da wanke shi a kan jadawali. Asusun da ke ba manyan makarantu kuɗin kayan aiki, da ma'aikatun lafiya, da ƙungiyoyin agaji, su ƙi amincewa da duk wani sayen injin da bai zo da kuɗin tantancewa na aƙalla wasu shekaru ba.

Likita ko injiniya ko lauya da aka miƙa wa takardar sakamako yana da haƙƙin ya tambayi abu biyu kafin ya ɗora hukunci a kanta: a wane zafi aka yi gwajin, kuma yaushe aka tantance ma'aunin da ya faɗi hakan. Ɗakin gwajin da ke da amsa zai ɗauko littafi ya nuna shafi da kwanan wata. Wanda ba shi da ita, sakamakonsa hasashe ne, ko da hatimi nawa aka buga a kai.